Imel ɗin da ya kwana biyu: amsar Yaya ga ƙanwarmu

(Na rubuta muryoyin da Yaya ya turo gurup ɗinmu jiya da dare, saboda waɗanda suka ce megarsu ba za ta iya sauke su ba. Tambayar ƙanwarmu yake amsawa. Ta fara aiki a wani proje nan Damagaram, shugabanta Bature ya yi mata faɗa don imel ɗinsa ya kwana biyu ba amsa, alhali nata imel ɗin ya kusa wata a wata ma'aikata ta Yamai, ko uffan ba a ce mata ba. Ta ce a gaya mata wa ke da gaskiya.)

Murya ta farko

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da dare, ya gajiya, ya zafi. To ƙanwata, na saurari muryarki tun la'asar, na kuma ga abin da jama'a suka yi ta faɗi a ƙasa. Wasu sun ce Nasara ne ba shi da haƙuri, wasu sun ce mu ne da kasala. Ni kam ba na tare da kowane ɓangare gaba ɗaya. Ki ba ni kunne, maganar tana da ɗan tsawo.

Kin ce lissafin kuɗin taron horo ya tambaye ki, ke kuma kina jiran kontabul ya gama haɗa rasit, shi ya sa kika yi shiru har sai kin samu abin da za ki tura. To a nan kuka saɓa. Ke a ranki ba a zuwa gaban babba hannu rabbana, sai da abin da ya nema cikakke. Shi kuma a daren farko ba lissafin ne ya hana shi barci ba. Bai san ko saƙon ya iso ba, bai san ko kin fahimci abin da yake so ba, bai san ko kina gari ko kina daji ba. Layi biyu yake jira: na gani, ina jiran kontabul, Alhamis da safe zan turo. Da kin rubuta wannan, wallahi ko Juma'a kika kai ba zai ɗaga murya ba, in dai kin sake gaya masa dalili. Kamar mai sallama ne a zaure. Ko kina wanka kya ce wa alaikumus salam, ina zuwa. Ba ki fito ba tukuna, amma ya san akwai mutum a gidan, sai ya nemi wuri ya zauna.

Mu kuwa yadda muka tarar da aikin biro, takarda ba a amsa ta da "na gani". Takarda tana shigowa, sakatariya ta shigar da ita rajistar kurye, wato littafin wasiƙun da ke shigowa, ta ba ta lamba da kwanan wata, a kai wa darakta, darakta ya yi rubutu a gefe ya tura wa shef na sashe, shi kuma ya ba wani ya tsara amsa, amsar ta sake hawa sama a sa hannu a buga tambari. Wannan tsari ya daɗe a garin nan, kada ku manta Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a ƙasar nan kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Da imel ya zo, ba mu canza tsarin ba, cikinsa muka cusa shi. Har yau akwai biro da ake buga imel a takarda, a sa shi cikin fayil, ya bi layi kamar kowace wasiƙa. Saboda haka wanda ya buɗe imel ɗinki a Yamai, ƙila ya karanta shi a ranar da kika tura, amma ba shi da hurumin amsawa. In ya amsa kafin shugabansa ya gani, za a ce ya zaƙe, ya tsallake na gaba da shi. A wurin Baturenki saurin amsa alamar ƙwazo ne. A wurin wancan ƙaramin ma'aikaci saurin amsa yana iya jawo masa takardar neman bayani. Kin ga ba za ki auna su da mudu ɗaya ba.

Sai kuma wani abu da ba mu cika faɗa ba, wato Faransanci. Mutum yana jin sa, yana magana da shi lafiya lau, amma rubuta wasiƙar aiki wani abu ne daban. Sai an nemi yadda za a buɗe, sai an nemi doguwar jimlar girmamawa ta rufewa, sai an duba kada a yi kuskuren da za a yi ta yawo da shi a biro ana dariya, musamman in an sa mutum goma a kopi. Abin da za ka faɗa a waya cikin minti ɗaya da Hausa, sai ya cinye maka rabin awa a gaban kwamfuta. To sai mutum ya ce bari sai na natsu. Natsuwar nan ce ke kai sati. Ba'amurke kuwa zai rubuta maka kalma uku daga wayarsa yana tafe, ko gaisuwa babu, kuma ko a jikinsa. Na san mutane a nan da suka yi kwana suna fushi saboda an aiko musu imel ba "ina kwana", sun ɗauka wulaƙanci ne. Ba wulaƙanci ba ne, haka yake rubuta wa shugabansa ma.

Murya ta biyu

Yawwa, ta katse. Ina cewa ne... to, kada kuma mu wanke kanmu tas da sunan al'ada. Akwai shirun da ba tsari ba ne, nuna isa ne. Wani yana ganin in ya amsa maka da wuri ya zubar da girmansa, sai ka bi shi, ka kira, ka sake kira, ka zo ka zauna a benci, sannan ya san shi wani ne. Ku lura da kyau, mutumin nan da ya bar imel ɗinki wata guda, in minista ko gwamna ne ya aiko masa, kafin shayinsa ya huce ya amsa. Ashe ya iya sauri. Saurin namu sama yake kallo, ba ya kallon ƙasa. Wannan ni ba na kiransa al'ada, hali ne, kuma mummuna.

Akwai kuma shirun da yake nufin a'a. Bahaushe ba ya son ya ce maka a'a ƙiri-ƙiri, balle ya rubuta ta ya sa sunansa a ƙasa. Zai ce sai mun duba, zai ce in Allah ya yarda, ko ya yi gum. Mu mun san karatun wannan, in ka tuna wa mutum sau biyu sau uku ya yi shiru, ka san inda aka dosa. Bajamushe ko ɗan Holan bai san wannan karatun ba. Shi a wurinsa a'a amsa ce kamar kowace, ya fi son ka ba shi ita yau ya nemi wata hanya, da ka bar shi yana jira. In kina aiki da irinsu, ki koyi rubuta "ba zai yiwu ba, ga dalili". Da farko za ki ji nauyi a bakinki, amma za ki ga ba ya riƙe ki a rai. Wasu kuma tsoron rubutu suke don rubutu shaida ne. Abin da ka faɗa a waya ya bi iska, abin da ka tura ta imel yana nan har ranar da masu binciken kuɗi za su zo. Duk wanda kika ga kullum yana cewa "kira ni mu yi magana" a kan abin da ya shafi kuɗi, bai taɓa yarda ya rubuta ba, to ki buɗe ido.

Yanzu su Turawan. Kuskure ne a haɗa su a kwando ɗaya. Amurkawa, a abin da na gani, su ne suka fi matsuwa. Da yawansu suna duba imel da dare, da Asabar, har cikin hutu, kuma suna sa ran amsa a ranar ko washegari. Faransawa kuwa suna da zafin bin tsari amma suna girmama hutunsu. Har doka suka yi a 2016, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2017, wadda ta tilasta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ko fiye su zauna da wakilan ma'aikata a kan haƙƙin mutum na kashe waya da imel bayan an tashi aiki. A Jamus, kamfanin motoci na Volkswagen tun ƙarshen 2011 ya sa na'urorinsa su daina tura imel zuwa wayoyin aiki na wani rukunin ma'aikata minti 30 bayan tashi, sai minti 30 kafin a koma. Daimler ma a 2014 ya ba ma'aikatansa zaɓin a goge duk imel ɗin da ya shigo suna hutu, a gaya wa mai aikowa wanda zai nema a madadinsu. Me ya sa na kawo wannan? Don ki san su kansu saurin nan ya dame su, har sai da suka sa masa linzami. Ba wai sun gano wata gaskiya da mu muka rasa ba. Kuma ki gwada aika wa wani ofis a Paris saƙo a tsakiyar Agusta, ki ga ikon Allah. Na'ura ce za ta amsa miki cewa mutumin yana konje, wato hutu, sai ƙarshen wata. Bambancin kawai, shi ya bar abin da zai gaya miki ba ya nan, da ranar dawowarsa, da wanda za ki nema. Mu sai mu tafi Makka ko mu tafi jana'iza ƙauye, akwatin imel yana nan a buɗe kamar muna zaune.

Shinuwa kuma, wato mutanen ƙasar Sin, waɗanda suka yi hulɗa da su ta wajen matatar mai ta SORAZ tun da aka buɗe ta a 2011 za su gaya miki, imel ba shi ne gabansu ba. WeChat suke aiki da shi, kuma a can ana so ka nuna ka karɓi saƙo nan take, ko da dare ne. A wannan sun fi kama da mu da WhatsApp ɗinmu. Amma in sabuwar shekararsu ta zo, wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, ko makon farko na Oktoba, kada ka sa ran komai daga can. Ƴan uwanmu na Kano da Abuja, su kam za su rubuto maka kalma ɗaya da Turanci cewa sun gani, sannan su kira ka a waya su sake faɗin duk abin da ke cikin imel ɗin. Jinin ɗaya ne.

Ga wani abu da ke haɗa faɗa a banza, wato agogo. New York da Washington suna bayanmu da awa 5 a lokacin zafinsu, awa 6 a lokacin sanyinsu. Mutum ya shigo ofis ranar Juma'a ƙarfe 9 na safe ya tura miki saƙo, a nan ƙarfe 2 ne ko 3 na rana. An sauko daga masallaci, biro da yawa sun rufe, kowa ya tafi gida. Ke sai Litinin za ki gani. A lissafinki ba ki makara ko da awa ɗaya ba, a lissafinsa kin yi kwana uku. Beijing tana gabanmu da awa 7, ƙarfe 10 na safiyarmu su suna shirin tashi. Paris daidai muke da ita daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin tana gaba da awa ɗaya. In kuma da Saudiyya ko Aljeriya kike aiki, hutun makonsu Juma'a da Asabar ne, Lahadi suna ofis suna jiran ki, ke kina gidan biki. Yawancin waɗanda ke fushi ba su taɓa zama sun yi wannan lissafi ba, sai an nuna musu.

Maganar kuran da rezo ba zan daɗe a kai ba, kowa ya sani. Kun tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, abin da aka sha. Kuma wanda aikinsa ya kai shi ƙauyukan Tanut ko Gure ko can Tesker, ya san akwai inda waya ke zama dutse. Uzuri ne na gaskiya. Amma uzurin da aka faɗa kafin tafiya ya fi wanda aka kawo bayan an dawo. Kuma ku ji tsoron Allah, kada mutum ya ce ba rezo alhali shugabansa yana ganin sa a WhatsApp yana canza hoto. Suna gani fa.

Murya ta uku

To me za ki yi? Da shugabanki, kada ki tsaya kare kanki da dogon bayani. Ki nemi minti goma ki tambaye shi kai tsaye: in ka aiko saƙo, cikin awa nawa kake so in nuna na gani? In abu na gaggawa ne, za ka kira ni ko za ka rubuta? Bayan an tashi aiki da ranar hutu fa, kana jiran amsa ko sai an dawo? Irin wannan tambaya a wurinmu tana kama da tsaurin ido, a wurinsa kuwa za ki ƙaru da daraja. Ki gaya masa ke ma abin da ya kamata ya sani: Juma'a da rana ba a samun kowa, cikin azumi aiki yana raguwa da yamma, satin babbar salla kada ya sa taro. Kuma in yana da halin rubuta "gaggawa" a kan kowane saƙo, akwai masu wannan hali, ki roƙe shi cikin ladabi ya riƙa sa ranar da yake buƙatar abu. Da rana a rubuce kin san abin da za ki fara da shi.

Ki ware lokaci biyu a yini, da kin shigo da safe da kuma kafin ki tashi, ki bi saƙonnin. Wanda za ki iya gamawa nan take ki gama. Wanda ba za ki iya ba ki rubuta layi biyun nan, ki sa rana. Amma ranar da kika sa ki riƙe ta da kyau, don a wurinsu alkawarin rana ya fi saurin amsa nauyi. In kin ga ba za ki cika ba, ki faɗa tun kafin ranar ta zo. Kuma in za ki rubuta in sha Allah, ki rubuta abinki, ba wanda ya hana, sai dai ki haɗa ta da rana da awa. Da yawansu sun zauna a ƙasashenmu sun koyi cewa in aka faɗe ta ita kaɗai, to a cire rai. Mu muka jawo wa kalmar Allah wannan, abin kunya ne.

In za ki fita daji, ki kunna amsar nan da na'ura ke bayarwa da kanta, ki rubuta ranar dawowa da lambar abokin aikin da za a nema. Minti biyu ne.

Ita kuma ma'aikatar Yamai, ƙanwata, imel shi kaɗai ba zai fitar da ke ba. Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma har yau a biro ɗinmu haka abin yake. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, ba za ki hau bas saboda takarda ɗaya ba, amma ki nemi wanda zai zame miki ƙafa. Ki sa a buga wasiƙar a takarda, shugabanku ya sa hannu a buga tambari, a ba bas ɗin safe, wani naku a can ya karɓa ya kai da hannunsa, a buga masa tambarin karɓa a kan kopi da lamba da kwanan wata. Lambar nan ita ce makaminki. Daga nan in kin kira ba za ki ce "na turo imel" ba, za ki ce takarda mai lamba kaza ta ranar kaza, tana teburin wa? Ki nemi lambar sakatariya, ki gaishe ta da kyau, ki tambayi iyali, ki san sunanta. Ba cin hanci nake nufi ba, kada wani ya juya mini magana, mutunci nake nufi. Ita ta san ko darakta yana gari, ita ta san fayil ɗin da ke sama da wanda ke ƙasa.

In za ki tuna musu ta imel, kada ki fara da "har yanzu ban samu amsa ba". A kunnen namu wannan tuhuma ce. Ki gaisa, ki ce kina so ki tabbatar ko saƙon ya iso, ki sake liƙa takardar don kada a ce a nemo ta. Kuma kada ki sa shugaban mutum a kopi tun tunin farko. Bature yana yin haka ba da wata manufa ba, don kowa ya san inda aka kwana. A nan kuwa kai ƙara ne, kin yi maƙiyi ke nan a ma'aikatar da za ki buƙata shekara da shekaru. Ki bar wannan sai hanya ta ƙare, kuma shugabanki ne zai yi, ba ke ba.

Shi ma shugaban naki ki fahimtar da shi wannan, don na san abin da zai biyo baya. Zai ce me ya sa Yamai ba su amsa ba, kin tuna musu kuwa, sake turawa. Ki zaunar da shi ki zana masa hanyar da takarda ke bi, ki gaya masa imel na biyar ba zai yi abin da kiran waya ɗaya daga bakinsa zuwa ga darakta zai yi ba. Babba da babba ake magana a nan. Rabin aikin irinmu a proje dama shi ne wannan, tsayawa a tsakiya, kodayake ba a rubuta shi a kontira ba kuma ba a biyan sa.

Abu na ƙarshe, kuma wannan na kowa ne a gurup ɗin nan. In an yanke magana ta waya ko ta muryar WhatsApp, musamman ta kuɗi ko ta ranar kai kaya, ku koma ku rubuta imel gajere a ranar: kamar yadda muka yi magana ɗazu, mun tsaya a kan kaza, zuwa ranar kaza, in akwai gyara a sanar da ni. Ko bai amsa ba, ya zauna a rubuce da kwanan wata. Wanda ke wajen kontabilite a cikinmu ya ƙara bayani a kan wannan, ya fi ni sanin irin takardun da masu bincike ke tambaya. Sai da safenku, a gaida gida.